Yadda Ake Gane Tsufan Kalmar Girkanci a Cikin Latin

Ku dubi kalmomin nan biyu da ke kan allo: purpura da philosophia. Duka biyun Rumawa sun aro su ne daga Girkanci, sai dai ba a zamani ɗaya ba, kuma rubutunsu ne ke nuna wadda ta girmi wata.

Girkawa suna da p da t da k waɗanda ake furtawa da ɗan huci. Latin na dauri ba shi da irinsu, don haka Barume sai ya yar da hucin ya ɗauki saura. Porphyra, dodon koɗin teku da ake samun rinin shunayya daga jikinsa, ta koma purpura. Cicero, marubucin Rum, ma ya faɗa cewa tsohon mawaƙi Ennius yakan rubuta sunan sarki Pyrrhus a matsayin Burrus. Sai wajen tsakiyar ƙarni na 2 kafin Miladiyya aka fara rubuta ph da th da ch, don haka purpura ta girmi philosophia. Y da Z suka biyo baya a ƙarni na 1 kafin Miladiyya, shi ya sa suke can ƙarshen jerin haruffa. A kula, ph ɗin zamanin Cicero ba f ba ce, p ce da huci.

Yanzu ga machina. Mutanen Atina mekhane suke cewa, amma a biranen Girkawa na kudancin Italiya, irin su Tarentum, makhana ake ji. Daga bakinsu Rumawa suka karɓa, tun lokacin da Latin ke raunana wasalin tsakiyar kalma, a ta koma i. Ma'anarta abin ɗaga kaya mai nauyi ko na rusa ganuwa, a wasannin Plautus kuwa har makirci take nufi.

Wajen ma'ana ne ɗalibi ya fi yin tuntuɓe, domin yana ɗora wa kalma fahimtar yau. Schole a Girkanci sarari ne, lokacin da mutum ba shi da aiki. Schola a wajen Cicero zaman bahasi ne na masana, makarantar yara kuwa ludus ake ce mata. Paedagogus ba malamin aji ba ne, bawa ne da ke raka yaro makaranta yana sa ido kan tarbiyyarsa. Poena ta fito daga poine, wato diyyar jini, daga baya ta game kowane irin hukunci.

Saura nahawu. Wasu kalmomin sun shigo da ɗafinsu na Girkanci. Aer, iska, idan aiki ya faɗa kanta takan zama aera, aether kuma aethera. Mai koyo yana ganin a a ƙarshe sai ya ɗauka jam'i ne, jimlar ta ƙi tashi. In kun ci karo da irin wannan, musamman a waƙa, ku fara gwada ta a matsayin tilo da aiki ya faɗa wa.