Tsoffin injinan pinbol: masu tara su da masu fafatawa a kansu

Toh jama'a ku kalli wannan akwatin da kyau, mai ƙafa huɗu da gilashi a sama fitilu suna ta walƙiya, shi ake kira pinbol. A ciki akwai ɗan ƙwallon ƙarfe, nauyinsa wajen giram 80, filin da yake gudu a kai kuma an ɗan karkata shi ne ya gangaro wajen mai wasa, kamar digiri 6.5, saboda haka duk yadda ka yi da shi ƙwallon nan gangarowa zai yi ya nufi ramin da ke ƙasa. Kai kuma aikinka ka hana shi faɗawa da wasu 'yan sanduna biyu da ake ce wa filifa, ɗaya dama ɗaya hagu, kana danna maɓalli a gefen akwatin suna watsa shi sama. Shi ke nan wasan fa. Amma a kan wannan abun akwai mutanen da suka cika gareji da injina har mota ta rasa wajen kwana, wasu kuma jirgi suke hawa daga wata ƙasa su je gasa, kuma ni abin da nake so ku gane a bidiyon nan shi ne waɗannan mutanen biyu, mai tarawa da mai gasa, babu wanda zai yi ba tare da ɗaya ba.

Asalin abun daga wani wasan tebur ne na Faransa, bagatel, amma a Amurka ya zama abin da muka sani, musamman a birnin Cikago. A 1931 David Gottlieb ya fitar da Baffle Ball, ɗan akwati ne na ɗorawa kan kanta, ba wuta ba filifa, ka harba ƙwallo kawai ka zuba ido ka ga ramin da zai faɗa. Kun ga ke nan sa'a ce zalla, kuma da yake wasu wuraren suna biyan kuɗi in ka ci, sai hukuma ta ce ai wannan caca ce. A farkon 1942 magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya sa 'yan sanda suka bi shaguna suna kwashe injinan, aka farfasa dubbai da guduma, ƙarfen aka kai wajen aikin yaƙin duniya na biyu. Cikago ma da ake ƙera su a cikinta ta haramta. Wannan na cikin dalilan da suka sa injinan wancan zamanin suke wahalar samu yau, ba tsufa kaɗai ya cinye su ba, da gangan aka hallaka da yawa.

Sai a 1947 kamfanin Gottlieb ya fitar da Humpty Dumpty, inji na farko mai filifa, har guda shida yake da su. Shekara ɗaya bayan nan Steve Kordek ya sa guda biyu kacal a can ƙasa a injinsa Triple Action, kuma tsarin da aka tafi a kai ke nan har yau. Daga nan wasan ya koma na gwaninta amma doka ba ta canza ba, sai 1976 da aka kira wani matashin marubuci Roger Sharpe gaban majalisar birnin New York, aka ajiye masa inji a zauren, ya faɗi layin da ƙwallon zai shiga tun kafin ya harba, ya ja ya saki, ƙwallon ya shiga nan ɗin daidai. Gani ya kori ji, majalisa ta ɗage haramcin. Ku riƙe sunan nan Sharpe, za mu sake haɗuwa da shi.

Yanzu masu tarawa, su kusan kashi uku suke kallon injina. Akwai na da can masu aiki da wayoyi da makunnai da ɗan injin lantarki mai juyawa a ciki, babu kwamfuta ko kaɗan, maki ma a kan wasu faya-fayai masu juyawa yake fitowa kana jin ƙarar su kas kas kas, da 'yar ƙararrawa tana bugawa. Sai na ƙarshen shekarun 1970 da aka fara sa allon lantarki, a cikinsu akwai Gorgar na kamfanin Williams na 1979, inji na farko da ya yi magana, kalmomi 7 kawai ya iya. Sai kuma na shekarun 1990 masu allon ɗige-ɗige da gadoji da labari a cikin wasan, waɗannan su ne akasarin mutane ke hauka a kansu. The Addams Family na kamfanin Bally, wanda Pat Lawlor ya tsara a 1992, an ƙera sama da 20,000, babu injin filifa da ya taɓa kai shi ciniki, amma duk da yawansa har yanzu dubban daloli ake sayensa saboda kowa so yake.

Toh a nan ne nake so mu ɗan tsaya, don mutane na ɗauka duk abin da ya yi ƙaranci shi ne mai kyau, kuma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ƙarancin inji yawanci labarin faɗuwar kasuwa ne. Gottlieb ya rufe a 1996, Capcom ma a shekarar ya bar harkar, ya bar wani inji Big Bang Bar da na gwajinsa kawai aka yi, ba su kai 20 ba. Cactus Canyon na 1998 guda 903 aka ƙera, kuma manhajarsa ma ba a gama rubuta ta yadda aka so ba aka fitar da shi. A 1999 Williams ya rufe sashen pinbol ɗinsa gaba ɗaya ya koma injinan gidan caca, aka bar kamfanin Stern shi kaɗai a fili tsawon shekaru, sai da kamfanin Jersey Jack ya fitar da injinsa na farko a 2013. Saboda haka akwai injin da ya yi ƙaranci don an katse masa hanzari, akwai kuma wanda ya yi ƙaranci don tun farko ba wanda ya so buga shi. Medieval Madness na 1997 kuwa wajen 4,000 aka yi, ba wani ƙaranci na a zo a gani ba ne, amma daɗin wasansa ya sa farashinsa ya yi ta hawa har sai da wani kamfani, Chicago Gaming, ya sake ƙera shi sabo fil. Ni gaskiya in an ba ni zaɓi, wanda hannu ke jin daɗinsa zan ɗauka.

Bari in nuna muku abin da mai saye na gaske yake fara dubawa, ba fitilu ba ne. Yana buɗe kan injin ne ya leƙa allon lantarki, don yawancin injinan shekarun 1980 da 1990 suna da ƙananan batir guda uku a jikin allon masu riƙe maki da saiti in an kashe wuta, kuma in inji ya yi shekaru a ajiye batir ɗin nan sai su fashe, ruwansu ya zubo ya bi layukan jan ƙarfe yana ci a hankali, za ka ga wani abu shuɗi-shuɗi ko fari-fari ya bushe a wajen, toh wannan allon sai an yi da gaske. Shi ya sa masu tarawa ke cire batir daga jikin allo su mayar da shi gefe da 'yar waya. Daga nan sai gilashin baya mai zane, fentin a bayan gilashin yake, sanyi da zafi da laima suna sa shi ɓarewa, in ka haska fitila ta baya duk inda ya zube za ka gani, kuma na wasu injinan in ya lalace babu madadinsa. Sai filin, katako ne, ka duba gaban bamfa, wato 'yan turakun nan masu watsa ƙwallo in ya taɓa su, da bakin ramuka inda ƙwallo ya fi bi, nan fenti ke cinyewa har itace ya fito. Ƙwallon ma in ya yi tsatsa ko ya karce shi da kansa zai riƙa kankare zanen, don haka canza shi ake yi a kai a kai, roba ma haka, a goge filin a shafa masa kakin gogewa. Ga nauyi, inji ɗaya ya haura kilo 100, sai an cire ƙafafu an kwantar da kai kafin a ɗaga.

Kuma wallahi abin da ke damuna shi ne in ga inji mai kyau an lulluɓe shi da zane ana jiran farashi ya tashi. Kamar mota ce da aka jingine shekara da shekaru, zaman da take yi shi ke kashe ta. Tsoffin nan masu makunnai in ba a kunna su, bakin makunnan datti yake yi, maiko ya daskare, ranar da ka zo kunnawa sai ka ji shiru. Shi ya sa nake ganin girman wurare irin su Pinball Hall of Fame na Las Vegas da Tim Arnold ya kafa, da Pacific Pinball Museum na Alameda a Kalifoniya, don a can ba kallo kawai ake yi ba, bugawa ake yi.

Sai gasa. Ƙungiyar da ke riƙe da jerin gwanayen duniya ita ce IFPA, tun 2006 take tara wa 'yan wasa maki daga gasannin da suka shiga, kuma 'ya'yan Roger Sharpe ɗin nan, Josh da Zach, suna cikin manyan masu tafiyar da ita. Gasar Pinburgh ta birnin Pittsburgh a 2019 mutum wajen 1,000 ta tara, ana raba su huɗu-huɗu, kowane rukuni ya buga injina huɗu na zamunna daban-daban, ma'ana ba za ka ce ni sabon inji kawai na iya ba, dole ka iya na kakanni. Kun ga inda mai tarawa ya shigo ke nan, don injin 1970 da za a yi gasa a kansa wani ne ya zauna ya goge makunnansa ɗaya bayan ɗaya. Kuma ko injina biyu masu suna ɗaya ba sa wasa iri ɗaya, ƙarfin filifa da sabuntar roba da karkatar fili duk sun bambanta, shi ya sa za ku ga gwani ya tsaya a bayan abokan wasansa yana nazarin yadda ƙwallo ke fitowa daga kowane rami kafin layi ya zo kansa.

In za ku kalli gasa a intanet, ku lura da hannu. Sabon shiga duk lokacin da ƙwallo ya taho bugawa yake yi, shi kuwa gwani sau da yawa ƙin bugawa yake, ya bar ƙwallon ya daki filifa ɗaya ya yi tsalle ya koma ɗayar, ya ɗaga ta ya riƙe shi cak, ya numfasa, ya duba abin da ya fi maki sannan ya harba. Girgiza injin kuma halal ne a dokar wasan, amma da iyaka, a ciki akwai wani ɗan ƙarfe a rataye a tsakiyar zobe, in ka tura da ƙarfi ya taɓa zoben sai inji ya yi maka gargaɗi, in ka ƙara ya rubuta TILT, filifa ta mutu, ƙwallon ya tafi da bonas ɗinka. A gasa kuma masu shiryawa ƙara matse zoben suke yi, su kashe ƙarin ƙwallo na kyauta, wani lokaci su cire robar layukan gefe don kar wasa ya yi tsawo. Akwai wata dabara ta jijjiga inji a dawo da ƙwallon da ya riga ya faɗa layin gefe, wannan haramun ce a gasa.

Babu ruwan abun da shekaru ma, a 2017 Escher Lefkoff ya ci gasar duniya ta ƙungiyar 'yan wasan pinbol ta PAPA yana ɗan shekara 13, akwai kuma ƙungiyar mata Belles & Chimes da ta faro a Oakland ta bazu garuruwa da yawa. Keith Elwin da ya daɗe yana cin manyan gasanni yanzu shi ke tsara wa Stern sabbin injina, kuma in ka buga nasa za ka ji hannun ɗan gasa a ciki, harbi ɗaya yana miƙa ka ga na gaba. A bidiyo mai zuwa za mu ɗaga filin wani tsohon inji mai makunnai mu bi wayoyin, tun daga inda kake jefa kuɗi har zuwa inda faifan maki ke juyawa.