Basilin da Bijimi: Yadda 'Yan Barkwanci Suka Zolayi Valentino

Assalamu alaikum. Na ga na baya suna nuna cewa ba su ji, to a ɗan ƙara murya. Madalla. Finafinai uku nake so mu duba yau, dukansu daga zamanin da fim ba ya magana, lokacin da ɗan wasa ke isar da saƙo da ido da hannu, sai can a nuna allon rubutu mai layi ɗaya ko biyu.

Amma kafin mu je ga masu zolaya, dole mu san wanda ake zolaya. An haifi Rudolph Valentino a garin Castellaneta na ƙasar Italiya a 1895, ya sauka New York a 1913, ya yi aikin rawa kafin ya shiga fim. A 1921 ya fito a The Sheik, inda ya zama balarabe mai rawani da ya sace wata baturiyar Ingila ya kai ta tantinsa a hamada, a 1922 kuma ya fito a Blood and Sand, wato jini da yashi, a matsayin ɗan wasan bijimi na ƙasar Sifen, mai karawa da bijimi a fili. Mata suka yi ta cika gidajen sinima dominsa, maza da yawa kuma suka ƙullace shi, domin a ganinsu namiji ba ya shafa hoda, ba ya narkar da ido.

To, na farko, kuma ina roƙon ku haƙuri domin a nan zan daɗe, shi ne Mud and Sand na ɗan barkwanci Stan Laurel, wanda ya fito a 1922, watanni kaɗan bayan Blood and Sand, fim ɗin da yake kwaikwayo. Inda aka ce jini da yashi, shi ya ce taɓo da yashi. Sunan da ya ɗauka a ciki kuwa shi ne Rhubarb Vaselino. Kun ji basilin a ciki ko? Wannan basilin ɗin dai da muke shafa wa yara a lokacin hunturu. Valentino yana kwantar da gashinsa da mai har yana sheƙi, samarin da ke koyi da shi ma da wannan suna ake tsokanarsu, saboda haka tun kafin Laurel ya motsa, mai kallo ya riga ya fara dariya. Matar kirki ta ainihin labarin, Carmen, ta koma Caramel, wato alewa, ita kuma mayaudariyar, Doña Sol, ta koma Filet de Sole, wato yankan naman kifi.

Abin da nake ƙauna a wannan fim, kuma zan maimaita shi sau biyu idan ta kama, shi ne cewa Laurel ya zauna ya karanci Valentino kamar yadda ɗalibi ke karantar malaminsa. Ya lura da yadda yake ɗaga gira, da yadda yake buɗe hanci idan so ya kama shi, da yadda yake tsayawa yana turo ƙirji kafin ya shiga fili, sannan ya yi duk waɗannan daidai, ya ƙara musu kaɗan kawai. Wannan kaɗan ɗin shi ne sana'ar. Idan ka ƙara da yawa ka zama mahaukaci, ba wanda zai tuna da wanda kake kwaikwayo, idan kuma ba ka ƙara ba ka zama Valentino na biyu maras kyau. Ku da kuka taɓa ganin yaro yana kwaikwayon tafiyar kakansa kun san abin da nake nufi: sai wanda ya daɗe yana kallon mutum yake iya kamo tafiyarsa. Ku tuna kuma cewa ba murya a fim ɗin, ba damar ya kwaikwayi harshen ɗan Italiya ya samu dariya a sauƙaƙe, komai sai da jiki. Laurel ya taso ne a dandamalin Ingila cikin ƙungiyar barkwanci ta Fred Karno, inda ya taɓa zama madadin Charlie Chaplin, kuma a can ya koyi wannan awo. A lokacin bai haɗu da Oliver Hardy a matsayin abokin wasa na dindindin ba, wannan sai a 1927. Ni a ganina, haƙurin nan da muka san shi da shi daga baya, na tsayawa a kan abu ɗaya har dariya ta nuna, ana iya hango shi tun a nan. Ya sake ɗaukar sunan Vaselino a 1924 cikin Monsieur Don't Care, yana zolayar Monsieur Beaucaire, wani fim ɗin Valentino.

Lokaci yana tafiya. Na biyu shi ne The Shriek of Araby na 1923, daga kamfanin Mack Sennett, inda Ben Turpin, mutumin da ya yi suna da idonsa mai harara-garke, yake ma'aikacin gidan sinima da ya yi mafarkin ya zama shehin hamada. Valentino da ido yake farauta, sai aka kawo wanda ba a san inda idonsa ke kallo ba. Na uku Will Rogers ne, a Big Moments from Little Pictures na 1924, inda shi ma ya zolayi wasan bijimin Blood and Sand. Na huɗu, ashe huɗu ne, She's a Sheik na 1927, inda Bebe Daniels ta juya labarin, mace ce ta sace namiji.

Na'am, Malama, ina jin ki. Tana tambaya ko waɗannan finafinai sun gyara hoton ƙarya da The Sheik ya yi wa Larabawa. Tambaya ce mai nauyi, kuma amsata ita ce ba su gyara ba. Mu nan idan an ce shehi, malami muke gani, mai ilimi da furfura da almajirai, amma bayan 1921 kalmar ta koma nufin saurayi mai yaudarar 'yan mata a bakin Amurkawa. Ko a ainihin labarin The Sheik ma, a ƙarshe sai aka bayyana cewa Ahmed Ben Hassan, shehin da Valentino ya fito a matsayinsa, ɗan bature ne, uba ɗan Ingila, uwa 'yar Sifen, domin a halasta masa auren baturiya. Turpin ya yi wa Valentino dariya, amma tanti da raƙumi da sace mace ya bar su yadda ya same su. Abin da ya dami masu zolayar shi ne hodarsa da gashinsa, kuma wannan zolaya ta yi masa ciwo ƙwarai. A watan Yuli na 1926 jaridar Chicago Tribune ta zarge shi da mayar da mazan Amurka mata, har ya nemi marubucin ya fito su yi dambe, kuma ranar 23 ga Agusta ya rasu a New York yana da shekara 31. Akwai wata tambayar? To, Alhaji, bismilla.