Yadda Monako ke Tunawa da Sarakunanta a Fagen Tseren Motoci

Jama'a, barkanmu da yamma, kuma ina godiya da wannan gayyata.

Masarautar Monako, wadda ke gaɓar tekun Bahar Rum a kudu maso gabashin Faransa, faɗinta bai wuce murabba'in kilomita biyu da 'yan kai ba, kuma mai mulkinta ana kiransa yarima ne, ko da yake shi ne sarkin ƙasar. A ranar 14 ga Afrilun 1929, da amincewar Yarima Louis na Biyu, Antony Noghès ya shirya tseren motoci na farko a kan titunan birnin, inda William Grover-Williams ya zo na ɗaya da mota ƙirar Bugatti. Jikan Louis, wato Rainier na Uku, wanda ya yi mulki daga 1949 zuwa 2005, shi ne ya riƙe wannan gado har tseren ya kai inda ya kai a duniya.

Abin da nake so mu lura da shi a yau shi ne, ayyukan fasahar da aka ba masu zane da maƙera kwangilarsu domin wannan tsere ba kasafai suke nuna fuskar sarki ba. Ku dubi fastocin da ƙungiyar masu motoci ta Monako ta sa aka zana a shekarun 1930, na Robert Falcucci da farko, sannan na Geo Ham. Mota ce a gaba, ta taso kamar za ta fito daga cikin takardar, direba ya duƙa a kan sitiyari, a bayansa kuma ga itatuwan dabino da tashar jiragen ruwa da gine-ginen birnin sun hau kan dutse. Mai zanen ya ajiye sarki a gefe, ya zana garinsa, kuma a ganina ya yi daidai, domin abin da gidan sarautar ya bayar shi ne titunansa, ba gwanintar tuƙi ba.

Haka lamarin yake a mutum-mutumin tagulla. A kusa da kwanar Sainte-Dévote, wadda ita ce kwana ta farko bayan an tashi, akwai Grover-Williams zaune cikin Bugattinsa. Mutumin nan daga baya ya yi wa Birtaniya aikin asiri a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka kama shi, aka kashe shi a sansanin 'yan Nazi na Sachsenhausen da ke Jamus a 1945. Can wajen tashar jiragen ruwa kuma ga Juan Manuel Fangio, ɗan Ajantina, tsaye a gefen motar Mercedes, aikin maƙeri Joaquim Ros Sabaté. Bari in yi ɗan tsokaci a nan: nasarorin Fangio biyu a Monako, na 1950 da na 1957, da Alfa Romeo da Maserati ya same su, ba da Mercedes ba, saboda haka wannan aiki yabon Fangio ne gaba ɗaya, bai tsaya ga tarihinsa a wannan gari ba.

To, ina sarakunan suke? Suna cikin sunayen wurare. Motocin suna tashi ne daga titin Albert na Ɗaya, su bi hanyar ƙarƙashin gini da ke kan titin Louis na Biyu, sannan su zagaya wurin ninƙaya mai sunan Rainier na Uku, wanda saboda shi aka sauya fasalin hanyar a 1973. Rainier da kansa ya tara tsofaffin motoci kusan ɗari, ya buɗe wa jama'a ƙofar ganinsu a 1993, kuma a 2022, zamanin ɗansa Albert na Biyu, aka mayar da su sabon gini a bakin tashar jiragen ruwa ta Hercule, daf da hanyar da ake tseren. Idan aka kammala zagaye 78 na tseren, direban da ya yi nasara yakan hau 'yan matakala zuwa rumfar sarauta, ya karɓi kofi daga hannun yariman.