Darasi: yadda inji ke haɗa bangon gida tun kafin a kai shi fili

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, daga nan shagonmu a Gusau. Kai yaro riƙe wayar nan da kyau, matso kusa da tebur su gani.

To yau maganar bango za mu yi, amma ba na bulo da siminti ba, wanga bango a kwance ake haɗa shi cikin masana'anta, a loda ma tirela, a je fili a tsai da shi a ɗaure. Aikin daga kwamfuta yake farawa, ka zana bangon da ƙofarshi da tagarshi, sai fayil ɗin ya wuce kai tsaye wurin injin zarto irin na Hundegger na Jamus, shi ya yanke kowane katako ya buga mishi lamba, babu mai riƙe tef da fensir. Daga nan sai teburin haɗa firam, Weinmann na Jamus da Randek na Suwidin duk suna ƙera shi, injin na tura katako ɗaya bayan ɗaya yana harba ƙusa.

Nan nake so ku natsu. A Amurka tazarar katakon tsaye inci 16 ce, tsakiya zuwa tsakiya, kusan santimita 40 kenan. Mi ya sa 16? Allon da ake rufe bangon da shi faɗinshi ƙafa 4 ne, wato inci 48, raba 48 gida uku ka ga 16, kenan bakin allo kullum bisa katako yake sauka, ƙusa ta samu abin kamawa. Kun ga nan, ga bakin filawud ɗin, ga katako ƙarƙashi daidai wa daida. Bayan an shimfiɗa allo wata na'ura mai siffar gada da ke tafiya bisa dogo ke bi ta kai tana buga ƙusa, ta huda wurin taga, sannan tebur ya kifa bangon a sa wayoyin wuta da abin tare zafi.

Wallahi abin da ya taɓa ƙona min rai, wani aiki da munka yi na ɗakuna, an yi kuskuren santimita 5 a faɗin taga tun a zane, mu kuma munka kafa ma'auni bisa tebur munka yi ta bugawa, bango goma sha biyu kowanne da wanga kuskure, sai da tagogi sunka iso anka gane. Da hannu fa munka yi wanga, inji kuwa kafin ka farga ya yi maka hamsin, shi ba ya tambaya. Shi ya sa nake roƙon ku, a duba zane sau biyu kafin a yanka ko guntu.

Kuma kar wani ya ruga sayen inji, a Amurka ma kamfanin Katerra mai haɗa gidaje a masana'anta da ya tara sama da dala biliyan ɗaya ya karye a 2021. Inji na son aiki kullum da wuta tsayayya, mu kun san halin wutarmu.

Sai gara, katako a ƙasarmu in ba a yi mishi magani ba abincinta ne. Ni dai na fi karkata ga siririn ƙarfe, injinan FRAMECAD da Howick na Niyu Zilan naɗin ƙarfe kawai ake ba su, su lanƙwasa su huda ramin sukuru. Amma ƙarfe na ɗaukar zafi, watan Afrilu nan Gusau in babu abin tare zafi ɗakin ba ya zaunuwa.

Yanzu mu fara da wanga tebur namu da munka walda ma ƙarafan tsai da katako kowane inci 16. Yaro miƙo tef, auna daga wanga kusurwa zuwa waccan, sannan ɗaya gicciyen, in ba su zo daidai ba ba mu buga ƙusa ko ɗaya. Nawa ka samu?