Me ke faruwa bayan an danna "Saya"?

Assalamu alaikum matasan Aboabo da Asawase, da duk mai son koyon gina manhajar kasuwanci ta intanet. Yau harsashin za mu duba.

A ce wata Hajiya mai atamfa a kasuwar Kejetia ta ba ka aikin gina mata manhaja. Hawa uku za ka yi. Na farko, abin da mai saye ke gani a wayarsa: hoton atamfa, farashi da sidi, da maɓallin "Saya". Da harsunan kwamfuta HTML, CSS da JavaScript ake yin sa. Na biyu saba, kwamfutar da ke lissafi da yanke hukunci. Na uku rumbun bayanai, irin su PostgreSQL ko MySQL, inda ake rubuta turmi nawa ya rage, wa ya saya, wa ya biya.

To, ku riƙe wannan da kyau: saba ba ta gaskata waya. Mai wayo na iya sauya farashin da wayarsa ta aiko, don haka dole saba ta koma rumbu ta duba da kanta.

Yanzu ga turmi ɗaya tak ya rage. Wata a Nima ta danna, wani a Tamale ya danna, lokaci guda. Idan rumbun bai kulle layin da aka rubuta wannan turmi ba har ya gama da na farko, an sayar wa mutum biyu kaya ɗaya, Hajiya kuma ta shiga bayar da haƙuri. Shi ya sa rage kaya da rubuta oda ake ɗaure su wuri guda: ko duka su tabbata, ko duka su warware.

Sai biyan kuɗi. Kamfanin waya na MTN ya kawo MoMo, wato tura kuɗi ta waya, Ghana a 2009, yau kuwa kusan kowa da shi yake biya. Hoton allo da mai saye ya turo ba shaida ba ne. Saba ta jira saƙo kai tsaye daga kamfanin karɓar kuɗi, ta tantance shi, sannan ta rubuta "an biya". Kuma a ba kowace oda lambarta, domin idan layi ya yanke mutum ya sake dannawa, kada a cire masa kuɗi sau biyu. Wannan kam yana ci mini rai, don gumin wani ne.

Gab da Sallah jama'a kan yi yawa, sai a ƙara sabobi, a sa mai raba musu aiki a gaba. Lambobin waya da adireshin masu saye kuma amana ne: HTTPS, wato hanyar da ke ɓoye saƙo tsakanin waya da saba, dole ne, dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012 ma ta hau kanka.

Kafin darasi na gaba, ku zana hawan nan uku a takarda, ku bi oda ɗaya da kibiya tun daga waya har zuwa rumbu.