Hular sanyi ga Baba, daga Bradford zuwa Daura

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da hasken fitila, a nan Bradford da zarar Disamba ta kama, kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Ga abin da ke hannuna yau, bari in matso da shi kusa da kyamara. Hular sanyi ce nake saƙa wa Baba, kuma so nake in gama ta kafin ranar Asabar, don akwai wata baiwar Allah da za ta tafi gida, za ta sauka Kano, daga nan ƙanena ya karɓa ya kai Daura.

Shekaranjiya muka yi waya da Inna, take ce min hunturu ya sauka sosai. Wanda ya taɓa kwana a Daura cikin Janairu ya san abin da nake faɗi: iskar nan da ke busowa daga wajen Kongolam, ƙura ta rufe gari, leɓe ya tsage, ruwan randa ya koma kamar ƙanƙara. Shi kuwa Baba, Allah ya ƙara masa lafiya, ba ya fashin jam'in Asuba. In zai fita, sai ya yafa rawani ya rufe kunnuwa. Hulunan gwanjon da ake sayarwa a kasuwa ba ya son su, wai ƙaiƙayi suke sa shi, ga tuntun nan da ake ɗorawa a sama, ya ce na yara ne.

To ga zaren. Ulu ne na tumakin merino, mai laushi, ba ya cizon fata. Ƙwallo biyu na saya, kowanne giram 100, ɗaya shuɗi mai duhu irin na rini, ɗaya ruwan toka. Dattijo ba ka sa masa launi mai ihu. Garin nan kuwa garin ulu ne tun asali, a ƙarni na 19 da shi ya yi suna a duniya. Kusa da mu, a Saltaire, akwai wata ƙatuwar masaƙa da Titus Salt ya buɗe a 1853, ginin na nan har yau. Ranar da na fara ganinsa sai masaƙanmu na gida suka faɗo min a rai.

Kafin in ɗauki kibiyar saƙa, sai da na sa ƙanena ya karɓo awon tela ya zagaya kan Baba. Santimita 57. Kada ku saƙa daidai da awon kai, ku rage kaɗan, saboda wannan saƙar tana buɗewa, ita ce za ta kama kan da kanta. Kibiyata mai zagaye ce, milimita 4, tsawonta santimita 40. Na ɗora ido 112, wato madaukan zaren nan da kuke gani jere a kan kibiya. Lallai adadin ya rabu huɗu-huɗu, don saƙar biyu gaba ce, biyu baya, biyu gaba, biyu baya, har ki zagayo. Ku duba yadda take fitowa, tudu da kwari, sak kunyoyin gona bayan an yi huɗa.

Yanzu ga inda nake so ku nutsu, wajen sauya launi. In kika shigo da sabon zare kika ci gaba da biyu gaba biyu baya, za ki ga ɗigo-ɗigon tsohon launi sun leƙo cikin kwarin, ratsin ya yi datti. Maganinsa, zagayen farko na sabon launi ki saƙa shi gaba zalla, ko ido ɗaya kada ki yi baya. A zagaye na biyu sai ki koma yadda kike. Kun gani? Layin ya fita tsaf kamar an ja shi da rula. Wata dattijuwa Baturiya ce ta nuna min wannan a ɗakin karatu na unguwarmu, inda mata ke taruwa saƙa, ta riƙe hannuna har sai da na iya. Ni zagaye 8 nake yi na shuɗi, 4 na toka. Amma santimita 7 na farko shuɗi ne kawai, don shi za a naɗe sama, kuma in an naɗe, bayan saƙar ne ke fitowa waje.

Naɗin nan da gangan na yi shi. Yana ninka ɗumi a kan kunne, sannan in Baba zai yi sujada, da yatsa ɗaya zai tura shi baya goshinsa ya taɓa ƙasa.

In tsawo ya kai santimita 24 sai a fara ragewa. Idon baya biyun nan a haɗe su ɗaya, saura 84. Bayan zagaye uku, a haɗe idon gaba biyun su ma, saura 56. Daga nan bibbiyu ake haɗewa, 28, 14, 7, a zura zare da allura a ja a ɗaure ta ciki. In kibiya mai zagaye ta yi miki yawa, ki koma gajerun nan masu tsini biyu.

Sai wanki, kuma wannan saƙo ne gare ki, auta, don na san ke za ki wanke. Bara na saƙa wa maigidana irinta, ta shiga injin wanki da ruwan zafi, ta fito ta dunƙule ta yi tauri, ko kan yaro ba ta shiga. Na ji zafin abin, aikin sati biyu ne. Ulu ba ya son zafi da cuɗa, gashinsa sarƙewa yake yi, kuma ba ya warwarewa. Ruwan sanyi, sabulu kaɗan, ki matse a hankali ba murɗawa, ki shimfiɗa ta a kan tawul a inuwa. Kada ki rataye ta a igiya.

Saura min ratsi biyu kafin ragewa. Bari in yi sallar Magariba in dawo, in zaren toka ya yi saura, Kawu ma zai samu tasa.