Nehemiya da Garun Urushalima: Addu'a da Lissafi

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ku buɗe littafin Nehemiya. Darussa huɗu zan ɗauko daga rayuwarsa. Na baya, kuna jina? To, madalla.

Na farko, jira. Labari ya same shi a Shushan, birnin fadar sarkin Farisa, cikin watan Kisle na kalandar Yahudawa, cewa garun Urushalima a rushe yake, ƙofofinsa sun ƙone. Amma bai buɗe baki gaban Sarki Artashate ba sai watan Nisan, wajen shekara ta 445 kafin haihuwar Almasihu. Wata 4 ke nan. Wata 4, 'yan'uwa! Shi ne mai shayar da sarki, kunnen sarki na kusa, amma ya yi shiru yana azumi da addu'a.

To, addu'ar kaɗai ya yi? Ku duba sura 2. Da sarki ya tambaye shi yaushe zai dawo, nan take ya yanka masa lokaci. Ya roƙi wasiƙu zuwa ga gwamnonin hayin Kogin Yufiretis, don kada a tare shi a hanya. Ya roƙi wata zuwa ga Asaf mai tsaron kurmin sarki, a ba shi katako na abu uku: ƙofofin kagarar da ke kusa da Haikali, garun birni, da gidan da zai zauna. Har sunan mai katako ya sani! Wannan ba a gaban sarki ya ƙirƙiro shi ba, cikin watannin nan ya shirya shi. A nan muke tuntuɓe. Ikkilisiya ta yi azumi, a aza harsashi da waƙa, ba wanda ya ƙirga buhun siminti ko kwanon rufi, sai gini ya tsaya a linta damina ta ci shi. Yesu ma ya yi zancen mai gina hasumiya da bai fara zama ya yi lissafi ba, Luka 14:28. 'Yan kwamitin gini, na ga kuna dariya.

Na biyu, da ya isa Urushalima ya kwana 3 a birnin, sannan ya fita da dare ta Ƙofar Kwari, ya duba ɓarnar da idonsa kafin ya gaya wa kowa. Na uku, rabon aiki a sura 3: da yawa sun gyara sashen da ke daura da gidajensu, Shallum ma da 'ya'yansa mata ya yi nasa. Zumuntar mata, kun ji. Cikin kwana 52 aka gama garun.

(Wani dattijo ya tambaya ko Sanballat ne babban cikas.)

Baba, na gode, amma ni sura 5 ta fi ba ni tsoro, ita ce darasi na huɗu. Sanballat da Tobiya, maƙiyan da suka yi gāba da ginin, a waje suke, mashi da mai busa ƙaho sun ishe su. Na cikin gida fa? Yunwa ta sa talakawa sun jinginar da gonaki da gidaje, wasu sun ci bashi don biyan harajin sarki, har 'ya'yansu suka shiga bauta, a hannun 'yan'uwansu Yahudawa. Nehemiya ya tara jama'a, ya sa masu kuɗi su mayar da gonakin a ranar, ya kira firistoci aka rantsar da su. Shi kansa shekara 12 yana gwamnan Yahuza bai karɓi abincin gwamna ba, alhali mutum 150 ke ci a teburinsa, kullum sa ɗaya da tumaki 6.

Lokaci ya ƙure. Ku karanto sura 6 kafin mako mai zuwa, a can za mu ga gayyatar da aka yi masa zuwa filin Ono.